Abin da na gani a filin kawu

Jiya da hantsi na raka ƙanena aunin fili a bayan Birni, filin kawunmu ne da ake ta gardamar iyaka da maƙwabta tun bara. Yaron nan yana IUT, makarantar koyon fasaha ta jami'ar nan Damagaram, topografi yake karanta, wato aunin ƙasa, yanzu yana staj, wato koyon aiki. Wallahi sai na tsaya ina kallon shi, ya kafa na'urar shi mai ƙafa ukku, ya daidaita kumfar nan ta ruwa har ta zauna tsakiya, ya ce ma abokin shi ya ja baya da sanda, kafin azahar an buga turaku ko'ina. Kawu da baya yabon kowa sai cewa yayi "kai ɗan nan, Allah shi maka albarka".

Abin ya taɓa ni sosai. Ni shekara ukku nayi ina kwafe darasi cikin kaye, ranar da na fara aiki komi sai da aka koya man daga farko, naji zafin abin har yau.

A Jamus irin makarantun nan Fachhochschule ake ce musu, malami baya zama farfesa sai yayi shekaru yana aiki wajen jami'a, ɗalibai da yawa kuma suna yin zango guda cur cikin kamfani. Irin wannan nake so ma yaranmu, ga matatar man fetur ta SORAZ kusa damu tun 2011, ga gari na ta faɗaɗa ana ta yanka filaye.

Asabar zamu koma a auna na inna.