Ta Inda Ya Kamata a Fara Haddar Kalmomin Scrabble

Yawancin matasan da ke shiga wasan Scrabble da Turancinsu mai kyau suna fara hadda ta inda bai kamata ba. Ni ma ta nan na fara, shi ya sa nake so ƙannena ku tsallake ramin. Za ka ga yaro ya rungumi ƙamus yana cusa wa kansa dogayen kalmomi masu harafi goma sha biyu, irin na burge malami a jarrabawa, alhali ƙwaya bakwai ce kawai a gabansa, kowace da harafi ɗaya, allon kuma gida 15 ne a tsaye, 15 a kwance. Irin wannan kalma sai a daɗe ana wasa ba ta samu wurin zama ba.

Masu harafi biyu su ne farkon karatu. A jerin halatattun kalmomi na ƙamus ɗin Collins, wanda ake gasar duniya da shi kuma shi ake bi a gasannin Najeriya, bugun 2019 na da guda 127. Ka haddace su kaf, har ka iya kawo su ba tare da tunani ba, domin da su ake jera kalma a gefen wata a ci maki ta fuska biyu. X na da maki 8. Ka ɗora shi a gidan da ke ninka harafi sau uku, ya ba da EX a kwance da XI a tsaye, ka kwashi 48 daga harafi ɗaya kafin a ƙirga sauran. QI ta fuska biyu a irin wannan gida maki 62 ne. Wanda bai san ZA, ZO, JO, XU da KA ba yana kallon waɗannan guraben yana wucewa. Ka kuma riƙe cewa babu kalma mai harafi biyu da ke da V, don haka V kan toshe wuri, wani lokacin ma toshewar ake nema.

Daga nan sai masu harafi uku da huɗu, musamman masu ɗauke da J, Q, X, Z. Kada ka zauna da Q kana jiran U. U huɗu ne kacal a cikin ƙwayoyi 100, kuma idan abokin wasa ya gama ya bar ka da Q a hannu, tazarar maki 20 ce ta shiga tsakaninku. A nan Bahaushe na da sa'a, don da yawa daga masu Q babu U daga Larabci suka fito, kunnenmu ya saba da su: QADI, QIBLA, NIQAB, TALAQ. Haka su ZAKAT, HAJJ, IMAM, har da NAIRA da KOBO, duk sun halatta.

Akwai masu cewa ma'ana ba ta da amfani a Scrabble tunda ba a tambayar ta a kan allo. Gaskiya ne ba a tambaya, amma wanda ya yi watsi da ita gaba ɗaya zai sha kashi wajen ƙarin harafi. Abin da kake bukata kaɗan ne: kalmar suna ce, ko aikatau, ko sifa, kuma yaya jam'inta yake. QI na karɓar S, ZA ma haka. XU kuɗin ƙasar Biyetnam ne, jam'insa bai canzawa, ka ƙara masa S a tsige maka ƙwayoyi ka rasa zagaye. JO kuwa jam'inta JOES ne. JOS gari ne, sunayen garuruwa da na mutane ba sa shiga. KANO ma ba ta shiga, amma haruffanta huɗu na ba da KOAN da KAON. KNIFE suna ce kuma aikatau ce, shi ya sa KNIVES da KNIFES duk suka zauna. Saboda haka duk kalmar da ka rubuta a littafin haddarka, ka sa ma'anarta a taƙaice, da harafin da take karɓa a gaba da a baya: LATE na zama PLATE, SLATE, ELATE, tana kuma zama LATER da LATEX. Idan kana taɓa wasan cike gurbin kalmomi na jaridu, can ma'anar ce komai, wannan littafin zai yi maka aiki biyu.

Wani abin da ke kayar da mu shi ne rubuta kalma yadda muke furta ta. Bakinmu kan haɗa P da F, da kuma B da V, ga haruffan da ake rubutawa ba a furtawa kamar B na DEBT. Da ido ake haddar Scrabble, kana rubutawa da hannunka. Abin sauƙi ɗaya shi ne Collins ya karɓi rubutun Ingila da na Amurka, COLOUR da COLOR duka daidai ne, don haka kada ka yi gaggawar ƙalubalantar abokin wasa a kansu. A yawancin gasannin duniya, ƙalubalen da bai yi nasara ba maki 5 yake ba shi kyauta a kan kowace kalma.

Sai ka ƙware a waɗannan za ka koma kan masu harafi bakwai da takwas, inda ake samun ƙarin maki 50 idan ka zubar da ƙwayoyinka duka a zagaye guda. Nan ma ba daga A zuwa Z ake bi ba. Ana bin haruffan da suka fi yawa a jakar da ake ɗiban ƙwayoyi: E 12 ne, A da I tara-tara, N, R, T shida-shida. Ɗauki SATIRE ka riƙa ƙara mata harafi ɗaya: da N ta ba ka RETAINS da NASTIER, da D TIRADES, da P PARTIES, da W WAITERS, da F FAIREST. Ka jera haruffan bisa tsarin abacada a fuskar kati, AEINRST misali, amsoshin a bayansa, kana jarraba kanka. Manhajar Zyzzyva kyauta ce kuma wannan aikin take yi.

Haddar ba za ta amfane ka ba idan kana ɓarnar ƙwayoyi masu daraja. S huɗu ne, ƙwayar da babu harafi a jikinta biyu ce. Kada ka saki S sai ta ƙara maka maki kamar takwas a kan abin da za ka samu ba ita, marar harafin kuma ka ajiye ta don maki 50 ɗin nan. Kafin ka ajiye kalma, dubi abin da zai rage maka: wasula biyu da baƙaƙe biyu ko uku ya fi I uku da U. Idan hannun ya lalace, canza ƙwayoyi ba abin kunya ba ne, muddin akwai aƙalla bakwai a jaka.

Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan, don haka mai son gasa a Najeriya zai tarar da ƙwararru a gabansa. Ka saba da agogo tun a gida: minti 25 kowane ɗan wasa ke da shi, kuma duk mintin da ka wuce ana cire maka maki 10.