Tarihin ƙungiyarmu yana cikin littafin ma'aji

Duk wanda ya daɗe a ƙungiyar 'yan'uwantaka, irin wadda ake shiga da alƙawari, ana biyan kuɗin wata, ana kiran juna ɗan'uwa, in ɗaya ya kwanta ciwo ko ya rasu sauran su tsaya wa iyalinsa, ya san kowacce tana da labarin asalinta da ake ba sabon shiga. Mu ma muna da namu kuma wallahi ina son sa. Amma tunda na fara bin tsofaffin takardun rassanmu na yankin da nake, sai na ga mafi yawan abin da ya kamata mu sani game da kanmu yana cikin littafin minit na sakatare da littafin ma'aji, waɗannan dai da ake cusawa a ƙasan kabad gara tana ci ba mai waiwayarsu.

Wannan hali na ƙawata asali tsoho ne, manyan ƙungiyoyin Turai ma sun yi shi sosai. 'Yan Odd Fellows, wata ƙungiyar taimakon juna ta Ingila, an daɗe ana ba su labarin wai tun zamanin sojojin Rum suka faro, alhali babban reshensu na Manchesta a 1810 aka kafa shi. 'Yan Freemason kuwa, ni ba ɗan cikinsu ba ne kuma ba tallarsu nake ba, takardunsu ne suka ja hankalina, kundinsu da James Anderson ya rubuta a 1723 tun daga Annabi Adamu ya ɗauko tarihin. To amma je ka duba littafin minit na reshensu na birnin Edinbara wanda ya faro daga 1599, me za ka tarar a farkonsa? Maganar wani magini ce da aka tuhuma don ya ba wanda bai yi koyon sana'ar yadda ya kamata ba aiki. Magina ne kawai suna kare sana'arsu da abincinsu. Ni a ganina wannan ya fi wancan dogon labarin daraja nesa ba kusa ba, domin mutum ne na gaske ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya amsa laifinsa, sakatare ya rubuta, ga shi har yau ana karantawa. 'Yan Freemason ɗin su kansu daga baya sun gane haka, shi ya sa a 1886 suka buɗe wani reshe a Landan mai suna Quatuor Coronati wanda aikinsa bincike ne zalla, duk abin da ba shi da takarda a ajiye shi gefe. Gani ai ya kori ji.

Abin da ya fi burge ni da waɗannan littattafai shi ne mutanen da ke cikinsu babu su a littafin tarihin makaranta. Tela ne, direba ne, mai gadi, malamin firamare, ɗan dako. Sakatare ya rubuta sunan mutum, sana'arsa, shekarunsa ranar da ya shiga, wanda ya tsaya masa, ma'aji kuma ya rubuta watan da ya biya da watan da ya kasa. In ka jera waɗannan shekara bayan shekara sai ka ga tarihin yankin gaba ɗaya yana fitowa da kansa, shekarar da aka yi annoba kuɗin jinya da na jana'iza su yi sama asusu ya kusa ƙarewa, shekarar da aka rufe wata masana'anta sunaye su fara ɓacewa ana rubuta wane ya yi ƙaura wane an cire shi saboda bashi, in aka kawo layin dogo ko sabuwar hanya kuma sai ka ga baƙin sunaye da sababbin sana'o'i sun cika shafi. Hedikwatar ƙungiya ba ta da wannan, ita rahoton shekara kawai take karɓa, lamba ce tsura. A reshe ake samun mutane.

A Birtaniya har gwamnati ta taimaka wa masu bincike ba da niyya ba. Dokar 1793 ta ba ƙungiyoyin taimakon juna damar yin rajistar dokokinsu a gaban alƙalan gunduma, sannan dokar 1799 da aka yi don murƙushe ƙungiyoyin asiri ta bar 'yan Freemason amma da sharaɗin kowane reshe ya riƙa miƙa jerin sunayen mambobinsa duk shekara, kuma haka aka yi ta yi har 1967. Takardun da aka karɓa don sa ido su ne yau jikoki ke zuwa ma'ajiyar gunduma suna neman kakanninsu a ciki.

Kuma kar a raina ƙaramin reshe fa. A garin Tredegar na Wales ma'aikatan kwal da ƙarfe suka haɗa asusun magani a 1890, ana cire ɗan wani abu daga albashin kowa a biya likita, Aneurin Bevan ya zauna a kwamitinsa, shi ne daga baya ya zama ministan lafiya ya kafa tsarin kula da lafiya na ƙasa a 1948. A Amurka Maggie Lena Walker ta karɓi sakatariyar ƙungiyar St. Luke a 1899 tana gab da durƙushewa, zuwa 1903 ta buɗe banki a birnin Richmond don baƙar fata su sami inda za su yi ajiya su karɓi rance. Duk daga taron kuɗin wata aka fara.

Sai dai akwai wani wuri mai nauyi da nake son 'yan'uwana masu wannan sha'awa su kula da shi. Kai mamba kana da damar da baƙo ba shi da ita, dattijo zai buɗe maka akwatin da ba zai buɗe wa ɗan jami'a ba, ka san ma'anar gajerun kalmomin da sakatare ke amfani da su, ka san in an rubuta an sasanta to ba ƙaramin rikici aka yi ba. Amma wannan kusancin shi ne kuma yake ɗaure maka hannu. Za ka ci karo da shafin da aka rubuta ma'aji ya gudu da kuɗi, kuma jikansa yana zaune kusa da kai a mitin. Ba banza ba tsofaffin ƙungiyoyin Ingila suke ajiye kuɗinsu a akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku daban. Za ka ga inda aka hana bazawara haƙƙinta don mijin ya rasu da bashin 'yan watanni. Za ka ga waɗanda aka ƙi karɓa saboda asalinsu ko launinsu ko don sun tsufa ana tsoron su cinye asusu da jinya. Odd Fellows ta Amurka sai a 1971 ta cire sharaɗin farar fata kaɗai daga kundinta, baƙar fata tun 1843 suka kafa tasu daban da izini daga Ingila, kamar yadda Prince Hall, wani baƙar fata ɗan Freemason a Amurka, da mutanensa aka amince musu da takardar reshensu daga Landan a 1784. Wanda ya rubuta tarihin ƙungiyarsa ya tsallake irin waɗannan shafukan ya zalunci mutanen da aka rufe wa ƙofa, kuma ya cuci ƙungiyar ma, domin matasanmu ba yara ba ne, in suka gano an ɓoye musu abu ɗaya sauran ma ba za su yarda ba.

Ba ina nufin a tona asirin kowa ba. Littafin jinya amana ce, cutar da ta kwantar da mutum da bashin da ya ci ba abin ɗorawa a Facebook ba ne muddin 'ya'yansa na raye. Ni yadda nake yi shi ne in faɗi abin da ya faru da shekarar da ya faru da hukuncin da kwamiti ya yanke, sunan kuma in bar shi a littafin, sai in iyalin ne da kansu suka ce a faɗa. Abin da ke cikin alƙawarin shiga shi ma ba na taɓa shi, kuma gaskiya tarihi bai rasa komai ba don an bar shi.

Abin da ya fi gaggawa yanzu bai ma kai ga rubutu ba. Littattafan nan galibi a gidan tsohon sakatare suke, ranar da ya rasu magada ba su san darajarsu ba, a share ɗaki a ƙona. Don haka in kana cikin irin wannan ƙungiya ka tayar da maganar a mitin na gaba, a nemi izinin kwamiti a ɗauki hoton kowane shafi da waya har da bango da rasit ɗin da aka liƙa a ciki, a rubuta wane littafi ne daga wace shekara zuwa wace, a ajiye kwafi a hannun mutum fiye da ɗaya. Dattawan da suka rage kuma a je musu da littafin a hannu, a buɗe shafi a karanto suna a ce Baba wannan wane ne, za ka sha mamakin abin da suna ɗaya zai tuno musu, kuma a naɗi muryarsu in sun yarda.