Maɗaba'ar dalma: yadda rasidi yake ciyar da katin biki

Injin da nake aiki da shi a shagona da ke Zariya ya girme ni. Heidelberg ne ƙirar Jamus, irin wanda hannayensa biyu suke juyawa, ɗaya ya ɗauki farar takarda ɗaya ya sauke wadda aka buga, kuma tun 1985 kamfanin ya daina ƙera irinsa. Na saye shi daga wata maɗaba'a da ta koma ga injin ofset (na zamani, wanda ba a jera masa haruffa), aka haɗa mini da akwatunan haruffan dalma da suka daɗe a jibge a bayan shago. Burina a lokacin shi ne in riƙa buga katunan gayyata da katunan 'yan kasuwa ta tsohuwar hanya, wato a jera harafi ɗaya bayan ɗaya, a shafa musu tawada, a danna su a kan takarda mai kauri har mutum ya ji shatarsu da yatsa. Ina yin wannan aikin har yau, amma ba shi ne yake biyan kuɗin haya da albashin yaran shago ba.

Abin da yake riƙe da shagon shi ne lambar rasidi. Masu injin ofset suna buga littattafan rasidi na makarantu da gidajen mai da shagunan magani da sauri da arha fiye da yadda zan taɓa iyawa, sai dai injinsu yana maimaita abu ɗaya ne a kan kowace takarda, alhali rasidi yana buƙatar lambar da take canzawa. Saboda haka sai su turo mini aikin. Ina ɗaure 'yar na'urar lamba a cikin firam ɗin ƙarfe, kuma duk lokacin da injin ya danna ta, wani ɗan maɓalli da ke gefenta yakan nutse ya juya ƙafafun lambar zuwa ta gaba. Akwai irin wadda take ƙirgawa da baya, kuma ita na fi so, domin takardar ƙarshe da za ta sauka a saman tarin ita ce mai lamba ta farko, ba sai an zauna ana juya takardu ba. Haka nan ni nake yi musu layin hujin da ake yage rasidi a kansa, da yankan kwalin sabulu da na turare. Ƙarfen huji ya ɗan fi haruffa tsayi, don haka idan aka bar rola, wato abin da yake shafa wa haruffa tawada, a kan injin zai tsattsaga ta. Ko dai a cire rolar a yi hujin shi kaɗai, ko kuma a shirya sayen sabuwa. Wannan aiki ba shi da ado, ba kuma wanda zai ɗauki hotonsa ya sa a Instagram, amma yana zuwa kowane mako, da azumi da bayan azumi.

Wanda ya koya mini sana'ar dattijo ne da nake kira Baba, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana jera haruffa a zamanin da Zariya take cibiyar ɗab'in Hausa, bayan an fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Abu na farko da ya sa ni yi shi ne mayar da haruffa gidajensu, kafin ya bari in jera ko layi ɗaya. Akwatin haruffa ba a bisa jerin abacada aka tsara shi ba. Haruffan da aka fi amfani da su suna da manyan gidaje a tsakiya, inda hannu ya fi saurin kaiwa. To amma an auna yawan kowane harafi ne da buƙatar Turanci, inda “e” ya fi kowa yawa. Hausa kuwa “a” take ci. Kafin ka gama sakin layi ɗaya na Hausa gidan “a” ya zama wayam, gidan “e” kuma yana nan cike kamar ba a taɓa shi ba. Dabarar da Baba ya nuna mini ita ce in haɗa akwati biyu na iri ɗaya da girma ɗaya, ko kuma in buga aikin kashi biyu, in warware na farko in sake jera na biyu da haruffansa.

Matsalar da ta fi wannan ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. Dalmar da na gada ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, kuma babu katin bikin Bahaushe da zai kuɓuce musu: babban layin da ke sama “Ɗaurin Aure” ne, a ƙasa kuma dole a rubuta ƙarfe nawa za a taru. Masu ɗab'i da yawa sukan sa D da k kawai su wuce, wasu kuma su maƙala alamar waƙafi a gefen harafin kamar yadda aka riƙa yi a da. Ni ban yarda da ko ɗaya ba, domin mutumin da ya biya kuɗi mai yawa saboda a buga masa kati da kyau bai kamata a ba shi rubutun da malamin firamare zai ja wa jan biro ba. Abin da na yi shi ne na zana waɗannan haruffa a kwamfuta daidai da siffar irin dalmar da nake da ita, aka fitar mini da su a kan filetin roba mai tauri da ake gasawa da haske, na yanka su ɗaya-ɗaya na manna a kan guntayen dalma da na goge har tsayinsu ya daidaita da sauran. A manyan haruffa dabarar tana aiki sarai. A ƙanana kuwa, daga maki goma sha biyu a ma'aunin girman harafi zuwa ƙasa, wahalar ta fi ribar, gara a fitar da layin gaba ɗaya a kan fileti. Akwai kuma wani ƙarin aiki ga mai jerawa: harafin dalma a juye yake, ana karanta shi kai a ƙasa, kuma yaron da bai gama rabe b da d da p da q ba, sai ga shi an ƙara masa ɓ da ɗ.

Maganar tsayi ita ce ginshiƙin sana'ar baki ɗaya. Harafin Ingila da Amurka tsayinsa milimita 23.32 ne, na Jamus da Faransa kuwa 23.56. Bambancin bai wuce kaurin takardar rubutu biyu ko uku ba, amma idan aka gauraya su a layi ɗaya, dogon zai huda takarda, gajeren kuma ko tawada ba zai samu ba. A cikin akwatunan da na gada akwai iri biyun, kuma sai da muka zauna muka ware su. Ko bayan an ware, tsohuwar dalma ba ta lalacewa daidai wa daida, shi ya sa kafin a fara bugu na gaske ake yin bugun gwaji, a ɗaga takardar a duba bayanta a gefen haske, a ga inda harafi ya danna da yawa da inda bai kai ba. Daga nan sai a yanko siririyar takarda, wani lokacin ba ta kai faɗin ƙwayar shinkafa ba, a liƙa ta a shimfiɗar da ke bayan takardar bugu daidai wurin harafin da ya gaza. Baba yakan yi wannan da reza da ɗan gam a bayan hannunsa na hagu, yana laƙato shi da bakin rezar. Wannan shiri yakan ci lokacin da ya ninka na bugun kansa, kuma shi ne abin da sabon mai maɗaba'a yake mantawa ya sa a lissafi: kati ɗari da kati ɗari biyar shirinsu ɗaya ne, takarda ce kawai ta bambanta.

Yanayin garinmu ma yana da nasa hukunci. Da hunturu takarda takan bushe ta nannaɗe, ta riƙa mannewa da 'yar'uwarta har bakin iskar injin ya ɗauki biyu a lokaci guda, ƙura kuma ta sauka a kan tawada ta bar ɗige-ɗige a cikin baƙin harafi. Da damina takardar ta sha danshi ta yi laushi, tawada ta ƙi bushewa, a tara kati da yamma a wayi gari bayan kowanne ya kwashi rubutun na ƙarƙashinsa. Tsofaffin rola da ake yi da gam da gilisarin ba sa jure zafin Afrilu, sukan yi laushi su canza siffa, don haka na koma ga na roba. Ina shigo da takarda shago kwanaki kafin ranar bugu domin ta saba da iskar ɗakin, kuma da hunturu nakan ajiye bokitin ruwa kusa da inda take.

Hulɗa da masu kawo aiki darasi ne na daban. Yawancinsu da hoto a waya suke zuwa, na katin da aka buga a Landan ko Dubai, mai zurfin shata. Tsofaffin masu ɗab'i suna ganin wannan zurfi aibi ne, domin a wurinsu gwani shi ne wanda harafinsa ya taɓa takarda ya bar tawada ba tare da ya bar rauni ba, kuma suna da hujja, tunda dannawa da ƙarfi tana murƙushe fuskar dalma, wadda in ta lalace babu inda zan sayo madadinta a nan. Saboda haka duk aikin da ake son zurfi a kan fileti nake yin sa, a kan takardar auduga mai kauri. Wata Hajiya ta taɓa kawo zane mai launi huɗu, da furanni fal, a kan baƙin kwali, tana son farin rubutu. Na ce mata, “Hajiya, ranki ya daɗe, kowane launi a nan sai an wanke injin da kananzir an sake shiri, an sake bi ta kan kowane kati. Farar tawada kuma ba ta rufe baƙar takarda, toka-toka za ta fito.” Ta ce, “To Malam, me kake ganin ya dace?” Muka tsaya a kan launi ɗaya da farar takarda, da sunayen ango da amarya a manyan haruffa. Na lura cewa mutum yakan karɓi “a'a” idan ka miƙa masa samfuri biyu ya taɓa da hannunsa.

Takardar auduga daga waje ake kawo ta, ta biyo ta Legas, kuma farashinta yana bin dala. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 na daina ba da farashin da zai wuce mako guda, kuma ba na sayen takarda sai an ba da kafin alƙalami da zai biya kuɗinta. Ba na kuma ɗaure firam sai mai aiki ya sa hannu a kan bugun gwaji, musamman saboda sunaye da laƙabobi, domin a katin biki an fi yin rigima a kan Alhajin da aka manta ko sunan kawun da aka sa a ƙasa da na ƙaninsa fiye da kan launi.

Akwai ƙa'idoji biyu da ba na sassauci a kansu. Haruffan gauraye ne na dalma da kuza da antimoni, mu kuma da hannu muke cin abinci, don haka babu yaron da zai taɓa kwano ko goro bai wanke hannu da sabulu ba. Ta biyu ta shafi takardun da suka lalace wajen gwaji, waɗanda a al'ada ake sayar wa masu ƙosai da masu tsire su naɗe kaya. Katunan biki da yawa da Bisimilla suke farawa, wasu har da aya. Waɗannan a kwali na daban muke tara su a ƙone, kuma nakan shawarci mai aiki tun farko da ya bar ayar, tunda shi ma bai san inda katin zai faɗa ba bayan an watse daga walima. Wasu sukan yarda, wasu su ce sai an sa. Idan suka dage, nakan buga layin Larabcin a zagaye na ƙarshe, bayan an gama duk gwaje-gwajen sauran rubutun, domin takardun da za a ƙone su ragu.