Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Kaka Ta Zauna Mini

A makon jiya na tsaya a inda ɗalibin nan na sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya karɓi littafin zane-zanena a teburin mai shayi a Samaru, yana ta buɗe shafuka bai ce uffan ba. To, sai da ya kai shafin ƙarshe sannan ya ɗago.

"Duk daga hoto ka kwafa, ko?"

Na ce e. Ya ce ai ya gani, don fuskokin duk a shafe suke kamar an bi su da dutsen guga. Ya ce in ajiye waya da fensir, in kama gawayi, in nemi mutum mai numfashi ya zauna a gabana. Daga bakinsa na fara jin cewa a nan Zariya, a 1958, kafin a kafa jami'ar a 1962, ɗaliban tsohuwar kwalejin da daga baya ta zama jami'ar, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiyar masu zane, suka ce za su koyi dabarar Turawa amma mutanensu da abin da suka gada za su zana. A garin aka haife ni, ban taɓa jin labarin ba sai ran nan.

Gawayin zane da ake shigowa da shi ya fi ƙarfin aljihuna. Na ɗebo na girkin gida, ashe na ƙirya ne, irin wanda maƙera ke so, ga tauri, yana karta takarda har ya yaga ta. Shi ɗalibin ya koya mini yadda zan yi nawa. Ka sami siraran rassan darbejiya, kaurin ƙaramin yatsa, ka ɓare ɓawon, ka shanya su bushe. Ka jera su cikin gwangwani mai murfi, ka huda murfin da ƙusa, ka tura cikin garwashi. Farin hayaƙi zai yi ta fita ta hudar, daga baya ya kama da wuta. In ya ɗauke sai ka janye gwangwanin, kada ka kuskura ka buɗe sai ya huce, don in iska ta shiga da zafinsa toka za ka tarar. Wannan gawayi laushi gare shi, da ɗan tsumma ma yana goguwa. Na baƙi wuluk kuwa, dakawa nake yi in kwaɓa da ƙaro, yadda muke haɗa tawada a makarantar allo, in mulmula in shanya.

Wata biyu na yi ina zuwa kasuwar Sabon Gari ranar da ba ni da aiki, da takardar buhun siminti a kan ɗan katako. 'Yan dako nake zanawa, kuma ba wanda zai tsaya maka, minti biyu ka samu ka gode Allah. A nan na gane cewa tsayin babban mutum ya kai misalin kansa bakwai da rabi, kuma in ya jingina nauyinsa a ƙafa ɗaya, ƙugunsa na wannan ɓangaren yakan ɗaga, kafaɗar ta sauka. In ka kama wannan karkacewar, ko ba ka sa fuska ba za a ga buhun yana da nauyi.

Fuska ce ta gagare ni, kuma wadda nake so in zana ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Ba ta son hoto. Ɗan ƙaramin na katin zaɓe kaɗai take da shi, shi ma bai yi kama da ita ba. Da na roƙe ta, cewa ta yi, "Maigida, ni ba zan bar aikina in zauna kamar gunki ba. In za ka iya ina tsintar wake, bismilla."

Haka muka yi. Bayan la'asar takan zauna a bakin rumfa da faifai a cinya, hasken yamma na dukan ta ta gefen hagu. Sau uku ina yi, sau uku ina yagawa. Kullum da ido nake farawa, in ɓata awa guda a kansa, sai in ga babu wurin da zan sa haɓa. Na ukun ma na gama shi, na miƙa mata. Ta duba ta mayar mini.

"Wannan yarinyar 'yar gidan wa ce?"

Ta yi gaskiya. Na goge mata tamoji, na cike mata kumatu, don a raina gani nake kyautatawa ce. Abin ya tsaya mini a rai kwana biyu.

A karo na huɗu na sake hanya. Na sayi farin kwali mai ɗan kaushi, don mai santsi ba ya riƙe gawayi. Na bi shi duka da garin gawayi da tsumma har ya yi toka-toka. Na ɗauki tsinken tsintsiya na miƙe hannu na auna, sai na ga idanunta a tsakiyar kai suke daidai, in an lissafa daga ƙoƙon kai zuwa haɓa, ni kuwa kullum sama nake kai su. Tsakanin ido da ido ma faɗin ido ɗaya ne. Sannan na ɗan runtse idona har fuskarta ta koma haske da inuwa kawai. Inuwar na fara sakawa: ƙarƙashin ɗankwali, kwarmin ido, gefen hanci na dama, ƙarƙashin leɓe. Hasken kuma cirowa na yi, da tsakiyar burodin da na mulmula kamar ƙulli, ina dangwalawa a goshi da ƙashin kumatu, gawayin na bin burodin yana tashi.

Ina cikin haka na lura da abin da shekara ashirin da wani abu ina gani ban gani ba. Kaka ba ta riƙe kanta a miƙe. Kullum a ɗan karkace yake, kunnen dama a gaba, saboda na hagu ya yi mata nauyi tun daɗewa. Na goge layin wuya na karkata shi kaɗan. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi, don a take na ga Kaka a kan kwalin alhali ban ma sa ƙwayar ido ba. Daga nan hannuna ya saki. Na sa billen da ke kumatunta na hagu, wanda tsufa ya shigar da shi cikin tamoji har sai ka matso za ka raba su. Na sa duhun goro a gefen baki, da jijiyoyin bayan hannun da ke cikin wake. A wannan karon ban rage mata ko layi ɗaya ba.

Ana gab da kiran magariba na gama. Na fita da shi waje na fesa masa man feshin gashi daga nesa don kada gawayin ya zube. Yanzu na san yana sa takarda ta yi ja in an daɗe, amma a lokacin shi nake da shi.

Na durƙusa na miƙa mata. Ta ajiye faifan, ta goge hannu a zane, ta karɓa da hannu biyu. Ta kai shi nesa, ta dawo da shi kusa. Ta daɗe har na fara tsoron ko na sake kuskurewa. Can ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, "Inna ce." Mahaifiyarta take nufi, wadda ta rasu tun Baba yana goye, ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Ta kai yatsa za ta shafa billen, na ce, "Kaka, a hankali, zai goge." Ta janye yatsan ta share ido da bakin mayafi.

Muna nan a haka muka ji sallamar Baba, ya shigo zai yi alwala. Ya tsaya a kanmu da buta a hannu, ya dubi kwalin, ya dubi baƙin da ke yatsuna. Ya ce, "In an idar da salla ka same ni a zaure, ka taho da wannan."

Abin da muka tattauna a zauren, da malamin da ya sa aka kira a daren, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.