Intabiyun zama ɗan ƙasar Amurka, abin da na gani a wajen Yayata

Tunda labari ya zagaya unguwa cewa Yayata ta samu takardar zama 'yar ƙasar Amurka nake shan tambaya, a ƙofar masallaci ne ko wajen mai shayi ko a ofis, kowa da nasa, wannan ɗansa likita ne ya gama a Shika ya tafi, wannan ƙanwarsa aure ya kai ta, wancan kuma mahaifiyarsu ce yara suka ɗauke tana can tana renon jikoki. Ba abin mamaki ba ne, Zariya garin karatu ne, tun 1962 da aka buɗe ABU ake yaye mutane suna bazuwa duniya. Tambayar dai kusan ɗaya ce, wai jarrabawar nan da wuya? Ni kuma abin da nake ce musu, jarrabawar ita ce mai sauƙin. Abin da ya fi ba Yaya wahala yana cikin fom ɗin da ta cike da kuma fasfo ɗinta, kuma wallahi rabin wannan aikin mu na gida ne ke gyara shi ko mu ɓata shi ba tare da mun sani ba.

A taƙaice hukumar da ke wannan aiki sunanta USCIS, fom ɗin kuma N-400. Sai mutum ya kai shekara 18, ya riƙe girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, na shekara 5, ko shekara 3 idan yana auren ɗan ƙasar kuma suna zaune tare. An yarda a tura fom saura kwana 90 wa'adin ya cika. Kuɗin da aka sa tun watan Afrilun 2024 dala 710 ne ta intanet, 760 a takarda, amma a riƙa dubawa a shafinsu don kuɗi ba ya zama wuri ɗaya. Daga nan sai ɗaukar hoton yatsu, sai jira, sai takardar gayyata zuwa intabiyu.

Toh ga inda nake so a tsaya a saurare ni. Shekarun nan 5 ba wai kawai kati na aljihunka ba ne kana yawonka. Dole cikin su ka yi aƙalla wata 30 ƙafarka na cikin Amurka, mai shekara 3 kuma wata 18. Sannan tafiya guda ɗaya idan ta wuce wata 6 za su ɗauka ka yanke zamanka, sai ka kawo hujja cewa ba ka bar aikinka ba, gidanka na nan, iyalinka na can, in kuwa ta kai shekara cur to zaman ya yanke, lissafi ya koma baya.

Lokacin da Hajiyarmu ta kwanta rashin lafiya Yaya ta baro aikinta na nas a Maryland ta zo jinya, ita ke kwana da ita, ita ke juya ta, ita ke lissafin magani, mu maza sai dai shiga da fita da sayo abin da aka rubuta. Jiki ya fara sauƙi amma bai gama warwarewa ba sai ga wata 6 na neman cika, dole ta haɗa kaya. Ranar da na kai ta Abuja tun daga Kwangila take kuka har muka wuce Kaduna ba ta ce min uffan ba. Ina dawowa gida na tarar an fara, wai ta zaɓi ƙasar Turawa ta bar uwarta a kwance, har da masu cewa me ake da wata takarda. Maganar ta yi min ciwo sosai kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don na san abin da take ƙoƙarin samu shi ne ainihin abin da zai ba ta damar zama kusa da Hajiya ba tare da ƙirga kwana ba. Mai girin kad kullum idonsa na kan kalanda. Wanda ya zama ɗan ƙasa ko shekara nawa ya yi a Zariya ba wanda zai karɓe masa. Hajiya ce kaɗai ta gane tun farko, ita ce ma ta ce mata tashi ki tafi, Allah ya yi miki albarka, ga ƙannenki nan. Don Allah idan naku ya zo biki ko jinya ko ta'aziyya ya ce lokacinsa ya yi, a daina riƙe shi da a bari sai bayan Sallah, a bari sai an yi sadakar arba'in, ba rashin zumunci ba ne.

Fom ɗin yana so a jera duk tafiye-tafiyen da aka yi wajen Amurka cikin shekarun nan, ranar fita, ranar dawowa, ƙasar da aka je. Kafin ta koma mun zauna a kan tabarma a ɗakin Hajiya da tsohon fasfo da sabo, an ɗauke wuta, ina haska mata da fitilar waya tana karanto hatimi ina rubutawa a bayan littafin 'yata. Wani hatimin na filin jirgin Malam Aminu Kano tawada ta kusa gogewa, ba ka gane 3 ne ko 8, wani an buga shi a kan wani, sai da muka koma cikin imel muna tono tsofaffin tikiti muna haɗawa. Umarar da ta yi ma sai da ta shiga lissafi, don ba zuwa Najeriya kaɗai ake nufi ba. Kada wanda ya yar da tsohon fasfo don ya ƙare aiki, ranar intabiyu da shi ake zuwa.

Sai maganar suna da ranar haihuwa, wadda mu a nan muke ɗauka ba komai ba. Mutum ɗaya a takardar firamare Muhammadu, a ta sakandare Mohammed, a fasfo Muhammad, wani wurin sunan uba ne a ƙarshe wani wurin sunan unguwa ko gari. Mace kuma ta yi aure ta koma sunan miji a wasu takardun. Fom ɗin yana da gurbin duk sunayen da mutum ya taɓa amfani da su, a rubuta su duka kawai, ba laifi ba ne. 'Ya'ya ma haka, duk ɗan da ka haifa da bai kai shekara 18 ba sai ka sa shi, har wanda ke nan Tudun Wada wajen kakarsa, har na auren fari. Takardar aure, takardar saki, takardar rasuwar miji ko mata in akwai, galibi duk a nan gida suke cikin wata tsohuwar jaka ko ƙarƙashin katifa, mu za a bugo wa waya a ce a nemo. Idan da Hausa aka rubuta ko da Larabci sai an fassara ta gaba ɗaya zuwa Turanci, mai fassarar ya sa hannu cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai take.

Akwai kuma wadda maza ba sa son a taɓo. Ana tambaya ko ka taɓa haɗa aure fiye da ɗaya a lokaci guda. A addininmu halal ne ba mai ja, amma a dokarsu wanda ke zaune da mace fiye da ɗaya a cikin shekarun da ake dubawa bai cika sharaɗin da suke kira halin kirki ba. Na san akwai masu zuwa hutu a ɗaura musu a nan shiru, a ce ai can ba za a sani ba. Ni dai shawarata duk wanda wannan ya shafa ya nemi lauyan da ya san harkar shige da fice tun kafin ya tura fom, kada ya je ya ɗaga hannu ya rantse a kan ƙarya. Ko an ba shi takardar, ranar da aka gano ya ɓoye abin da da an sani ba za a ba shi ba, kotu na iya karɓe ta, ga kuma alhakin rantsuwa, ga ita baiwar Allah da aka bari a nan da ba ta san an share sunanta ba. Haraji, kamun 'yan sanda ko da an kori ƙarar, ko ka taɓa cewa kai ɗan ƙasa ne alhali ba ka zama ba, ko ka taɓa jefa ƙuri'a, duk ana tambaya kuma yawanci amsar na gabansu a kwamfuta.

Karatun jarrabawar kam daɗi ma ya yi mana. Ita ta tura fom kafin a canza tsari, don haka tambayoyin ƙasa 100 ta haddace, wato na tarihin Amurka da tsarin mulkinta, a yi mata 10 ta ci 6. Wanda ya tura daga 20 ga Oktoban 2025 kuwa sabon tsari ne, tambayoyi 128, a yi maka 20 ka ci 12, to kada a ɗauko tsohon littafin wani a ce da shi za a yi. Duk da baki ake yi, ba zaɓi ɗaya cikin huɗu. Tsakaninmu da su awa 5 ne ko 6 gwargwadon lokacin shekara, sai ya zama in na dawo sallar asuba ita tana hutun aikin dare, ta kira ni a WhatsApp ta ce Auta ɗauko takardarka, in riƙa jefo mata tana amsawa kamar mai ba da hadda a makarantar allo, in ta yi tuntuɓe in ce sake. Yaya, gyare-gyare nawa aka yi wa tsarin mulki? 27. Wace shekara aka rubuta shi? 1787. Ranar 'yanci? 4 ga Yuli 1776. Inda harshenta ke zamewa shi ne majalisa, don tun 1979 da Najeriya ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko irin nasu abubuwan suka yi kama, sai in ce sanatoci nawa ta ce 109, in ce Yaya wannan namu ne, nasu 100, biyu daga kowace jiha, shekara 6 suke yi. Wakilai mu 360 su 435 kuma shekara 2 kacal. Wasu amsoshin kuma suna canzawa, sunan gwamnan jiharka, sanatanka, kakakin majalisa, waɗannan sai an sake dubawa ana gobe intabiyu.

Ranar kanta, yadda ta ba ni labari, an caje su a ƙofa, ta zauna jira da jakar takardunta, girin kad, fasfo duka, lasin tuƙi, takardar gayyata. Da hijabinta ta shiga ba wanda ya ce mata komai. Wata jami'a ta kira ta, kafin ta zauna aka sa ta ɗaga hannun dama ta yi alkawarin faɗin gaskiya. Tambayoyin ƙasa ba su ɗau lokaci ba, tana cin 6 aka tsaya. Aka nuna mata jimla a allon kwamfuta ta karanta, aka faɗa mata wata ta rubuta, dama uku ake bayarwa a kowanne ɗaya ake so ka ci. Sauran lokacin gaba ɗaya a kan fom ya tafi, layi bayan layi, kuma a nan ne ake auna jin Turancinka ba tare da an ce maka ana aunawa ba. Da aka zo kan doguwar tafiyar nan matar ta ɗago ta ce me ya zaunar da ke haka, Yaya ta ce mahaifiyata ce ba lafiya, ta duba ranakun ta duba hatimin fasfo ta ga sun yi daidai, ta ce ya jikin nata yanzu, shikenan aka wuce. Ta ce min sau da yawa ta roƙi a maimaita tambaya don matar na da saurin baki, kuma ba a rage mata komai ba. A ƙarshe aka miƙo mata takardar sakamako N-652. Wanda bai ci Turanci ko tambayoyin ba ana sake kiransa tsakanin kwana 60 zuwa 90 ya sake ɓangaren da ya faɗi.

Cin intabiyu bai sa ka zama ɗan ƙasa ba sai ranar rantsuwa, ranar ake karɓe girin kad a ba ka satifiket. Rantsuwar nan tana da nauyi, akwai barin biyayya ga wata ƙasa, akwai ɗaukar makami idan doka ta buƙata, kodayake wanda imaninsa ya hana shi yana iya neman a cire masa wannan yankin. Yaya ta daɗe tana juya kalmomin kafin ranar, kuma na ga girmanta a kan haka, Musulmi bai kamata ya furta abin da bai karanta ya fahimta ba. Hajiya da ta ji sai ta kira ni ta ce kai yanzu ta fita daga 'yan Najeriya kenan? Na ce a'a Hajiya ku kwantar da hankalinku, sashe na 28 na tsarin mulkinmu na 1999 bai raba wanda aka haifa ɗan Najeriya da ƙasarsa don ya karɓi wata ba, koren fasfonta na nan da shi za ta shigo, na Amurka kuma da shi za ta koma.

Masu iyaye a can su ma kada su karaya saboda Turanci. Wanda ya kai shekara 50 kuma ya yi 20 da girin kad, ko ya kai 55 ya yi 15, an ɗauke masa jarrabawar Turanci, tambayoyin ƙasa kuma da Hausa zai amsa, sai dai shi zai zo da tafintansa. Wanda ya kai 65 ya yi shekara 20 tambayoyi 20 kawai zai karanta. Mai lalurar da ke hana koyo akwai fom N-648 da likita ke cikewa. Amma dokar wata 6 ɗin nan ba ta bar tsofaffi ba, su ne ma suka fi shiga haɗarinta don su ne sanyi na shigowa suke cewa a mayar da su gida, su zo su yi azumi su yi Sallah ƙarama su jira babba. 'Ya'yansu na can da mu na nan sai mun haɗa kai muna duba musu ranar da suka shigo, a sayi tikitin komawa tun da wuri.