Ranar da kwandasta ya ɗaura mini aure a Oshodi

Talata, bayan isha'i, Agege.

Ƙafafuna na cikin bokitin ruwan ɗumi nake wannan rubutu. Matar Kawu ce ta kawo mini tana dariya, wai haka ake yi wa duk baƙon da ya je cikin Ikko ya dawo a yini guda.

Tun daren jiya Kawu ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya haura shekara talatin a Agege yana sayar da goro, saboda haka in yana magana kan garin nan sai dai ka ce to. Ya ce kuɗi a aljihun gaba, waya a aljihun ciki. Kada in shiga motar da ta tsaya mini a gefen titi da mutum uku ko huɗu a ciki, don irin su ne 'yan wan-cans, masu shigar fasinjoji su yi wa mutum ƙwace. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Abu na ƙarshe, ɗana, kada ka tsaya kana ɗaga kai kana kallon benaye, kuma kada ka tambayi kowa hanya. Da ka yi tambaya an san kai baƙo ne." Shawararsa ita ce in bi jirgin ƙasan safe daga tashar Agege zuwa Oyingbo, daga can kasuwar Balogun ba nisa, in ga mai leshin da na zo dominsa in dawo.

Jirgin ya tafi ya bar ni, kuma laifina ne. Gajiyar motar Kano ba ta sake ni ba, na koma barci bayan asuba, da na tashi kuma na tsaya wurin mai shayi. Duk wanda ya taɓa cin burodin Agege da zafinsa zai yi mini uzuri. Ina isa tasha aka ce sai wani jirgin, ni kuwa ba ni da haƙurin jira, sai na nufi inda danfo ke lodi.

Danfo dai ƙaramar bas ce ruwan ɗorawa mai baƙin zane a jiki, an cire kujerunta na asali an kafa bencina. Inda mutum uku za su zauna su sake, huɗu ake dannawa. Kwandasta na rataye a bakin ƙofa, rabin jikinsa a waje, yana kiran sunan unguwa da wata irin murya da sai ka riga ka san sunan kafin ka gane shi. Na fi minti goma ina jin "Osho-dosho-dosho" kafin kaina ya kawo cewa Oshodi ake nufi. Da muka tashi, duk inda aka tsaya sai wani ƙato ya taso ya miƙa hannu a ba shi nasa. Agbero suke ce musu, 'yan kamashonmu ne dai, sai dai waɗannan ba sa wasa. Mai sauka kuma "O wa!" yake cewa da ƙarfi. Na yi ta maimaita kalmar a zuciya kamar mai tilawa, don kada a wuce da ni.

Kuɗin mota ɗari biyar ne, na ba da dubu. Tun a tasha kwandastan yake ihu a kan canji, ban kula ba. Muna isa Oshodi ya damƙa mini takardar dubu ɗaya, ya nuna wata dattijuwa mai ɗaurin gwaggwaro da ke sauka a bayana, ya ce mu raba, ya ɗare mota suka yi gaba. Na tsaya sororo da kuɗi a hannu. Ita kuwa ko a jikinta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga hula, sai ta ce da Hausarta mai karyayyen harshe, "Malam, an ɗaura mana aure ke nan. Ina za ka?"

Ashe haka suke kiran abin a nan. Idan canji ya yi wuya sai kwandasta ya haɗa mutum biyu da takarda ɗaya, ku je can ku ƙarata. Na tuna gargaɗin Kawu, na kuma dubi Oshodi. Gine-ginen tasha uku ne manya da aka buɗe a 2019, da gadojin masu tafiya a ƙasa a tsakaninsu, motoci ta ko'ina, mutane kamar an fasa gidan tururuwa, kowa na sauri kamar ya bar tukunya a wuta. Na ce, "Mama, Balogun za ni, kuma wallahi ban san ta inda zan bi ba." Ta ce ta yi ƙuruciyarta a Sabon Garin Kano, mahaifinta na da shago a can, kuma ita ma cikin Ikko za ta. Ta karɓe takardar ta soke a bakin zani ta ce in biyo ta.

Tafiyarta kaɗai darasi ce. Ba ta kauce wa kowa, kafaɗa take sawa ta ratsa, ni kuma ina biye ina ta "sannu, yi haƙuri" ba mai ji. Motar farko ta ƙi shiga don an ƙara kuɗi saboda hadarin da ya taso. Ta biyu ta leƙa ta ƙare wa fasinjojin kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗaga mini kai. Dubu-dubu ne zuwa Idumota. Ta fito da takardarmu ta haɗa da wata dubun tata ta biya mana, ta ce in mun sauka ma yi lissafi.

A kan babbar gadar nan ta uku, wadda ake kira Third Mainland, na saɓa wa Kawu a karo na biyu, domin na yi kallo har da buɗe baki. Tsawonta ya kusa kilomita 12, a kan ruwa zalla, Janar Babangida ne ya buɗe ta a 1990, lokacin hedikwatar ƙasa ba ta koma Abuja ba. Mutumin da babban ruwansa shi ne Tiga da Challawa dole ya yi shiru. Ta hannun dama aka wuce Jami'ar Legas, can gaba sai Makoko, gidajen katako a kan turaku cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi na tashi, yara ƙanana na tuƙa kwalekwale kamar yadda namu ke tuƙa keke. Mama ta ce masunta ne tun kaka da kakanni. Sai kuma gosulo ya kama mu kafin mu sauka. Nan take kasuwa ta ci a kan titi: ruwan leda, soyayyar ayaba, gyale, cajar waya, har da mai tallan maganin ɓera yana gudu tsakanin motoci. A nan na gane abin da ya sa in ka tambayi mutumin Legas nisan wuri ba ya ce maka kusa ne ko nesa, sai ya fara tambayarka ƙarfe nawa za ka fita.

Na yi zaton in mun sauka zan sami acaɓa. Babu, an hana su a wannan yanki tun 2022, kamar yadda aka hana su ɗaukar fasinja a Kano a 2013. Adaidaita sahu kuwa Keke Marwa suke ce mata, da sunan Buba Marwa da ya yi gwamnan soja a nan, amma cikin Balogun ko ita ba ta da hanya. Ƙafa ce kawai. Lunguna ne matsattsu, yadi na rataye har sama ya rufe rana, 'yan dako na ihu a ba su hanya, yaran shago na jan hannun rigarka. Kantin Kwari da nake taƙama da shi sai na ga ashe muna da sarari. Mama ta tsaya ta nuna mini hasumiyoyin babban masallacin Juma'a da ke titin Nnamdi Azikiwe, ta ce in na ɓace in nemi waɗannan in dawo gindinsu, masu leshi kuma suna ta can. Na sunkuya ina laluben aljihun gaba. Ina ɗagowa babu ita. Na ga gwaggwaro ya fi ashirin, kowanne na tafiya da sauri.

Cinikin bai ɗauki lokaci ba. Leshin ya yi kyau, farashin bai yi ba, mun rabu a kan zan yi shawara. Na haɗa azahar da la'asar a masallacin, na ci shinkafa da wake mai barkonon da ya sa ni hawaye.

Da yake tambaya ta riga ta zame mini jiki, a dawowa ban ji kunyar kowa ba. Wani mai yankan farce ɗan Maraɗi da ke ƙofar masallaci ya kwatanta mini inda zan hau motar Oyingbo, ta gadar Carter. Wani mai gyaran takalmi, Bazamfare, ya raka ni har bakin tasha. Su ne taswirar garin nan ga mai jin Hausa, suna zaune a kowace kusurwa, sun san kowace mota da kuɗinta. Na sayi katin Cowry na zuba masa kuɗi, wanda da shi ake shiga jirgi da manyan bas na BRT. Jirgin bai daɗe da fara aiki ba, a 2024 ne, ga sanyi, ga kujera, ba mai rataye a ƙofa. Yaba, Mushin, Oshodi, Ikeja, sai ga Agege. Abin da ya cinye mini safiya ɗungurungum bai kai awa guda ba. Ta taga na hango motoci jere a Oshodi, jajayen fitilu har iya ganin ido, na ji tausayinsu kamar ba ni ne a ciki ɗazu ba.

Na ba Kawu labari duka, har da tambayar da na yi ta yi. Ya girgiza kai ya ce Allah ne ya tsare, ya ƙara da cewa kada in saba. Da na zo kan maganar kuɗin sai ya lissafa da yatsu: dubu da ɗari biyar ta biya, ni ɗari biyar, ke nan tana bi na ɗari biyar. Ya ce in ba da sadaka da niyyarta, shi ke nan. Matarsa ta ce a'a, tunda jibi zan koma wurin mai leshi, in fara dubawa tukuna, wataƙila a gindin masallacin take da rumfa.

Na nemi canji wurin mai shayi, na ware takardar ɗari biyar na sa a cikin hula. Ruwan bokitin ya huce. Na saita ƙararrawar waya ƙarfe biyar saura kwata.