Daƙiƙa biyu a kan Stealth, sati guda wuyana bai juya ba

Har yau in na tuna ranar da na fara hawa jirgin lilon nan mai suna Stealth sai na shafa ƙeyata. An faɗa ta lasifika, ma'aikaciyar da ta zo duba ƙarfen kafaɗa ma ta nuna da hannu: a jingina kai, a kalli gaba. Na ji, na kuma fahimta sarai. Yi ne kawai ban yi ba.

Wata Asabar ce muka hau jirgin ƙasa daga Waterloo zuwa Staines, daga nan bas ta ƙarasa da mu Thorpe Park, wani wurin wasa mai jiragen lilo, ni da abokina da muke gida ɗaya a Landan. Shi mayen jirgin lilo ne na gaske, irin waɗanda suka haddace tsayin kowanne da kamfanin da ya ƙera shi. Ni kuwa iyakar sanina da lilo shi ne na yawon Sallah a Kano, wanda zai yi ta zagayawa da kai a hankali kana ɗaga wa ƙannenka hannu.

Tun a hanya yake ba ni labarin cewa masu son abin nan sun rabu gida biyu, kuma musunsu ba ya ƙarewa. Akwai masu son na harbawa, wanda jirgin ke tsaye cik a fili sai a cilla shi kamar dutse daga danƙo. Akwai kuma masu son na gargajiya, wanda sarƙa ke jan jirgin a hankali zuwa ƙololuwa sannan ta sake shi ya gangaro da nauyinsa. Ya ce dalilin da ya sa ya kawo ni nan shi ne wurin yana da duka biyun, kuma gudunsu kusan ɗaya ne. Stealth, na harbawa, yana nan tun 2006, yana kai kilomita 128 a awa cikin daƙiƙa biyu ko ƙasa da haka. Hyperia, mai sarƙa, an buɗe shi a 2024, tsayinsa mita 72, babu wanda ya kai shi tsawo a Birtaniya, gudunsa wajen kilomita 130.

Ya ce, "Mutumina, mu fara da Hyperia, jikinka ya saba."

Na ɗaga kai na hango shi ya yi tsiri a sama, na ce a'a. Lissafina shi ne, tsoron yana cikin jira. Wane ne zai zauna ana jan sa sama a hankali yana kallon ƙasa tana nisa? Gara mai harbawa, a yi ta ta ƙare. Wannan lissafin ne ya ja min.

Mun fi awa ɗaya a layi. Duk tsawon lokacin ina kallon jirgin yana fita, yana haye wata hasumiya mai mita 62 a miƙe, ya leƙa sama, ya juyo ƙasa. Daga nesa ba ka gane ƙarfin abin, sai ka ga kamar mota ce mai zafin tashi. Da muka zauna aka sauke mana ƙarfe, jirgin ya ɗan motsa baya kaɗan. Ashe haka yake yi kullum, yana saƙala kansa ne da abin da zai ja shi. Ni kuma na ɗauka wani abu ne ya samu matsala. Sai na ɗago kaina daga majingina, na juya wajen abokina zan tambaye shi. Ina jin ana ƙirga uku, biyu, ɗaya, a zatona bayan ƙirgar zai soma tafiya ne a hankali kamar kowane abin hawa da na sani.

Ban ƙarasa "wai lafiya" ba. Jikina ya tafi, kaina ya tsaya a baya, sannan ya daki majingina a karkace. Abin da na sani ke nan. Ban ga sama ba, ban ga tafkunan da suka kewaye wurin ba, ban san lokacin da muka gangaro ba. Kafin in gama salati birki ya kama mu. Awa guda a tsaye, don abin da bai kai rabin minti ba, shi ma ban gan shi ba.

Muna fitowa na sayi ruwa mai sanyi na ɗora a wuya, shi kuma yana ta dariya yana min karatu. Wai a ƙarshen dogon akwai wani ɗaki da ake tura mai cikin manyan tukwane masu iskar gas, ya matsu iya matsuwa, sai a sake shi gaba ɗaya ya juya wani ƙaton gangan da ke naɗe igiyar ƙarfe, igiyar ta fizgi jirgin daga ƙasa. Shi ya sa babu gargaɗi a jiki, ƙarfin duka a farko yake zuwa. Sababbin na harbawa yanzu yawanci da maganaɗisu suke aiki, kamar Icon na Blackpool, sun fi laushi, ba su da wannan mugun naushin. Shi kuma naushin yake so. Har ya ɗan yi jimamin Kingda Ka na New Jersey a Amurka, mai mita 139, wanda aka rufe a ƙarshen 2024 aka rushe shi a farkon 2025 bai samu ya hau ba. Ina riƙe da wuya ina saurarensa kamar mai karɓar ta'aziyyar wanda bai sani ba.

Wauta ta biyu ita ce da na yarda na shiga layin Hyperia a ranar. Zafin bai yi yawa ba a lokacin, na ce ai ba komai. A bakin kowane layi akwai allo da ke hana mai ciwon wuya ko baya hawa, na wuce shi kamar ba da ni ake ba. Kada wani ya yi koyi da ni a nan.

Amma fa a can ne na gane abin da masu son sarƙa ke nufi. A layin wani dattijon Bature ya ji muna musu ya sa baki. Ya ce tun 1994 da aka buɗe The Big One a Blackpool yake hawa irin waɗannan, kuma a wurinsa hawan shi ne rabin daɗin. Na harbawa, in ji shi, yana ba ka amsa kafin ka yi tambaya. Abokina ya ce ai hawan ɓata lokaci ne kawai. Suka yi ta yi har muka iso gaba, babu wanda ya saki.

Abin da na gudu shi ne ya fi min daɗi. Sarƙa ta kama mu, jirgin ya jingina baya, muka soma hawa. Ƙarar kas-kas ɗin da ake ji a irin wannan hawa, wadda na ɗauka alamar tsufan ƙarfe ce, ashe haƙori ne da ke faɗawa cikin tsani don ko sarƙa ta tsinke jirgi ba zai koma baya ba. Ƙarfen cinya ne kaɗai ya riƙe ni, kafaɗuna a sake. Mutanen ƙasa suka zama kamar tururuwa, jiragen saman filin Heathrow na tashi can gefe, iska ta canja ta yi sanyi. Cikina ya ɗuri ruwa, amma ina da lokacin yin addu'a, in gyara zama, in manna ƙeyata inda ya kamata. Da muka leƙa ƙasa jirgin ya murɗe ya sulala, na ji na tashi daga kujera, cinyoyina kawai ke taɓa ƙarfe. Wannan karon idona biyu, na ga komai, na yi ihu iya ƙarfina kuma ban ji kunya ba.

Washegari da asuba ne Stealth ya aiko da saƙonsa. Na zo sallame salla wuya ya ce bai san zance ba, sai da na juya da kafaɗa gaba ɗaya. Sati guda ina shafa man zafi, in an kira ni daga baya sai na juyo da dukan jiki kamar wanda ya ɗauko tulu. Na je wurin likita ya ce jijiya ce ta ja, in huta. Aikin da nake yi na ƙarshen mako ma sai da na bar kwana biyu, kuɗin da na rasa ya fi na tikitin.

Idan aka tambaye ni yanzu ina ɓangaren sarƙa, sai dai na san hukuncina da haushi a ciki. Abokina cewa yake ban hau Stealth ba, Stealth ne ya hau ni, don haka ba ni da bakin magana. 'Yan uwa masu zuwa Dubai da ke ƙarasawa Abu Dhabi su hau na harbawar nan Formula Rossa, ku ne na fi tausaya wa: kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, har tabarau ake ba mutum saboda yashi da ƙwari. In aka ce ku jingina kai, ku jingina tun kafin a rufe baki, kuma kowa ya ajiye tambayarsa sai an sauka.

Bayan wata biyu na koma, don maganar abokina ta tsaya min a rai. Tun kafin a sauke ƙarfe na manna ƙeyata, ko da ya yi min magana ban juya ba. Wannan karon na ji abin da yake nufi, kamar an ɗora min buhun masara a ƙirji, sai ga ni a sama ina hango komai na ƙiftawar ido. Shi kuwa addu'arsa ita ce jirgin ya kasa haye hasumiyar ya dawo da baya, abin da kan faru jefi-jefi, wai mayun abin suna ɗaukarsa babbar sa'a. Ban ce amin ba. Muna sauka na ja shi muka nufi layin Hyperia.